Laburare Ko Kundi?

Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ya sayi sabuwar kwamfuta, kafin ya rubuta layi ɗaya na Python sai ya maido da kayan aikin da ya saba da su: numpy, pandas da sauransu. Mai wayo ba ya bin su ɗaiɗai. A tsohuwar na'urar yakan ba da umarnin pip freeze, sunayensu da lambar sigar kowanne su zubo cikin fayil guda mai suna requirements.txt, sannan pip ya karanta jerin a sabuwar ya sauko da su gaba ɗaya. Masu Perl ma suna da irin wannan a taskarsu ta CPAN, wadda ta fara aiki a 1995.

To, me ake kiran waɗannan kaya da Hausa? Yawanci "laburare" ake cewa, kuma ni kalmar ba ta kwanta mini ba. Laburare wuri ne da kake zuwa ka karanta ka tashi ka bar shi. Wannan kuwa aikin wani ne da ka ɗauko ka ajiye kusa, manhajarka tana kiransa duk lokacin da buƙata ta taso.

Katsina tana da sunan abin tun da daɗewa. A makarantun zaure na kewayen Hasumiyar Gobarau, kundi shi ne takardun da malami ya tattaro daga hannun malamai daban-daban, ya adana a gafaka, ya zaro wadda yake so idan aiki ya zo. Malaman sun kuma san cewa wani littafin ba ya tsayuwa shi kaɗai: sharhin da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishiriniya sai da mataninta a gefe. Haka pandas yake da numpy, shi ya sa pip ke jawo na biyun ko ba ka ambace shi ba.

Aikin saka kundayen a na'ura kuma bakin kasuwa ya riga ya raɗa masa suna. Masu gyaran waya suna cewa "loda", wanda ya fi dacewa da saukowa kawai. "Girka" ta fi cika, domin abin da aka girka ya zauna daram, ya shirya aiki.

Ina roƙon malaman kwamfuta na Katsina su gwada "girka kundaye a dunƙule" a aji, su ga ko ɗalibai za su nemi ƙarin bayani.