Masu Rubuta Sunan Tawa: Daga Taswirar 1898 Zuwa Injin Bincike

Ranar 14 ga Yunin 1898, a birnin Paris, wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Hausa tun kafin sojojinsu su gama taka ta. Sun ɗauki Sakkwato a matsayin tsakiya, suka zana baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160. Duk abin da ya faɗa ciki na Ingila ne. Ƙonni ta faɗa ciki. Tawa, da ke kilomita 200 da ɗoriya arewa da Sakkwato, ta tsaya a waje.

Faransawa na neman hanyar da za ta haɗa kogin Isa da Damagaram. Tun da an hana su kudu mai ruwa, dole suka bi ta arewa, daga rijiya zuwa rijiya, suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20. Hanyar ta ba su wuya ƙwarai, har aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara iyaka, Ƙonni ta koma hannunsu. Amma bariki ya riga ya zauna da gindinsa.

Kafin nan ba Tawa ce kan gaba a yankin Adar ba. Garin ya taso ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, ya zama mahaɗar manoman Adar da Abzinawan Azawak da Fulani: wannan ya kawo hatsi, wancan ya kawo dabba ko gishiri ko cuku. Sarauta kuwa tana wani wuri. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi a 1674, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Mai neman Tawa a wancan zamani bai buƙaci rubutu ba. Madugu ya san rijiyoyi, ya san inda ayari ke yada zango, baƙo kuma da ya iso sai ya tambayi gidan wane, yaro ya kai shi har ƙofa.

Akawun kumandan ne ya fara sa garin a rajista, ya kuma rubuta shi yadda Bafaranshe zai iya karantawa: Tahoua. Haka aka yi wa Madawa ta zama Madaoua, Buza ta zama Bouza, Birnin Ƙonni ta zama Birni N'Konni. Rubutun ya hau hatimi, ya hau takardar haihuwa da allon bakin hanya. Bayan sake fasalin yankunan mulki na 1964 garin ya ba da sunansa ga babban yankin da a yau ake kira jihar Tawa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita dubu 100, tun daga iyakar Najeriya har zuwa ta Mali. Masu jiragen sama suka ba filin jirginsa haruffa uku, THZ. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta ba jihar lambar NE-5. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a Bilbis aka yanke shi ba.

An samu ɗan ƙasa da ya ja da wannan tun da wuri. A 1975 masanin tarihi Djibo Hamani ya fitar da littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, kuma tun daga bango ya rubuta Adar, yadda masu ƙasar ke faɗa, bai bi Ader na takardun gwamnati ba. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Kada a ɗauka yi wa rubutu alama baƙon abu ne a nan. Malaman Adar da na Abalak, inda gidajen Kel Aglal suka shahara da ajiyar littattafan hannu, suna da tsarinsu. Littafin hannu sau da yawa ba shi da shafin take, da bismilla yake farawa. Sai a ƙarshe mai kwafi ya faɗi sunan littafin da nasa sunan, wani lokaci da ranar da ya gama da wanda ya rubuta wa, ya roƙi addu'ar mai karatu. Idan wannan takarda ta ƙarshe ta yage ko gara ta ci, littafin ya zama maraya: ilimin yana nan, amma ba a san na wane ne ba, ba a kuma san inda za a jera shi ba. Dubban littattafan da Bubu Hama ya fara tarawa, waɗanda ke cibiyar IRSH a Yamai, sun fi isa ga masu bincike na nesa bayan da gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta fara buga kundin sunayensu a 2004.

Shafin intanet ma yana da irin wannan takarda ta ƙarshe, sai dai nasa wurin a kansa yake, kuma mai karatu ba ya ganin yawancinsa. Akwai layin take, akwai gajeren bayani, akwai alamun da ke nuna wane adireshi ne na asali da kuma inda fassarar shafin take a wani harshe. Duk wanda ya taɓa aika saƙo a tashar Tawa ya san aikinsu. Ana ɗaure buhu, a ɗauki alƙalami mai kauri a rubuta sunan mai karɓa, garin da za shi, da lambar waya. Yaron mota ba ya kwance buhu, abin da ke jikinsa yake karantawa. Injin bincike yana leƙa ciki, amma abin da yakan fara nuna wa mai nema shi ne wannan take, wanda ake yanke shi idan ya wuce haruffa kamar 60.

Sana'ar gyara waɗannan layuka ta girma tare da injinan. Zamanin AltaVista, wadda ta fito a 1995, masu shafi kan cusa kalmomi barkatai a wani ɓoyayyen layi don su hau sama. Google ya zo a 1998 da dabarar duba shafuka nawa ke nuni zuwa ga shafi, a 2009 kuma ya faɗa a fili cewa ba ya kula wancan layin na kalmomi. A 2010 Facebook ya kawo Open Graph, wanda ke fito da hoto da take idan an tura adireshin shafi. A 2011 manyan injinan suka haɗu a kan schema.org, tsarin da ke barin mai shafi ya bayyana cewa wannan gari ne, ga inda yake, ga sauran sunayensa. Nijar kuwa ta samu nata ƙarshen adireshi, .ne, tun 1996.

A nan ne tsohon rubutun akawu ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya rubuta Tawa a injin bincike yana gogayya da wata unguwa a Welintan ta ƙasar Niyuzilan da kuma kaskon gashin gurasa na Indiya. Keita, garin da aikin farfaɗo da ƙasa na Italiya da FAO ya fito da shi tun 1984, suna ɗaya yake da mawaƙi Salif Keita da ɗan ƙwallo Naby Keita. Illela biyu ce, ɗaya ta Sarkin Adar, ɗaya a jihar Sakkwato daura da Ƙonni. Mai shafin da bai ƙara jiha da ƙasa a takensa ba ya bar injin ya yi masa zaɓi.

Wata ɓarnar kuma daga kayan aikin take fitowa. Yawancin shafuka yanzu ba da hannu ake rubuta kawunansu ba, manhajar gini irin Django ko Laravel ko Next.js ce ke cika su daga rumbun bayanai. Django na da ɗan aikin da ke mayar da take ya zama adireshi, kuma idan ba a sauya masa saiti ba, harafin da bai da ɗan'uwa a baƙaƙen Ingilishi zubar da shi yake yi. Illéla ta Faransanci takan fita lafiya a matsayin illela. Ƙonni kuwa sai ta fito onni, ɗanɗano ya koma anano. Layi ɗaya ke gyara wannan, amma sai wanda ya san ƙimar ƙugiyar harafi zai lura. Haka nan shafin da ke isowa wayam, sai waya ta gina shi daga baya, yakan bayyana a WhatsApp ba hoto ba bayani, ko da take iri ɗaya a kowane shafi. A garin da adireshi ke yawo daga zaure zuwa zaure na WhatsApp, har zuwa 'yan ci-rani a Abijan da Libiya, wannan asara ce babba.

Mafi nauyin lamarin shi ne su wa ke rubutu game da jihar. Ƙungiyoyin agaji suna da ma'aikatan da suka iya sa take da kwanan wata da sunan wuri a kowane rahoto, don haka yunwar 2005 da kisan da aka yi a yankin Tiliya a Maris na 2021 suna nan a jere, cikin Faransanci da Ingilishi, ƙarƙashin sunan Tahoua. Gaskiya ne, kuma ya kamata a same su. Sai dai a Tawa ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi nasara. Nan ne hanyar yuraniyom ke tashi zuwa Arlit, nan aka yi bikin Tahoua Sakola a Disambar 2017. Cinikin kasuwar Lahadi, farashin rago da na cuku, labarin damina a Barmu da Kalfu, kusan duk a saƙon murya suke tafiya, injin bincike kuwa ba ya shiga nan.

A Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ga mai gina shafin ma'aikatar magajin gari ko na rediyon al'umma, wannan na nufin yanke shawarwarin da a da ba a tambaye shi ba. Zai sa Tawa a take ya ajiye Tahoua a layin sauran sunaye, ko akasin haka? Zai yi shafi biyu, na Hausa da na Faransanci, ya haɗa su da alamar harshe? Ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, ta Najeriya kuma 'y, alhali masu karatunsa suna ɓangarorin biyu na iyaka, da yawansu ma a waya ba sa sa ƙugiya ko kaɗan. Taswirar OpenStreetMap tana da gurbin sunan Hausa ga kowane gari da unguwa, kuma ɗalibin da ke zaune a Tawa yana iya cika na Bilbis daga wayarsa.