Ziyarar Birnin Zazzau Daga Tudun Wada

Jama'a, duk wanda ya tashi daga nan Tudun Wada zai shiga Birni, shawarata ita ce ya sauka a Ƙofar Doka ya taka da ƙafa, domin mota ba ta barin mutum ya ga kome. Ita Tudun Wada baƙuwa ce. Sai bayan zuwan Turawa a 1902 aka kafa ta a wajen ganuwa, don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan Birni ba.

To, ganuwar nan ita ce abin dubawa na farko, ko kuwa in ce abin da ya rage nata. A Balin, babban birnin Jamus, an yi wata katanga da ta raba garin biyu daga 1961 zuwa 1989. Shekara 28 ke nan kacal, kuma ta baƙin ciki ce, amma da suka rushe ta sai suka bar wani yanki, suka jera duwatsu a titi don nuna inda ta bi. Tamu kuwa, mai ɗaruruwan shekaru, ƙasarta ake haƙa ana yin tubali.

Daga nan sai a miƙe zuwa ƙofar Fada, wurin Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim. Bakan gizonsa na ƙasa ya ja masanan gini daga ƙasashe masu nisa. A watan Agusta 2023 wani sashe na rufin ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Mai ziyara ya nemi dattawan unguwar su kwatanta masa yadda cikinsa yake a da.