Ƙungiyar Ɗanƙwairo da Matsayin Ƴan Amshi

Daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa tsare waƙa ba. Ta rediyo da kaset muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta shiga zaurukan Ƙonni da Malbaza da Illela, har ta zama ƴar gida. Sai dai abin da masu sauraro ke kira Ɗanƙwairo, a haƙiƙa, taron muryoyi ne.

Tushen ƙungiyar yana ƙasar Bakura da Maradun, cikin Jihar Zamfara ta yau. Mahaifin Musa, Usman Ɗankwanda, da kiɗan noma ya soma kafin ya zama makaɗin Sarkin Maradun. Bayansa jagoranci ya koma hannun ɗansa Abdu Kurna, Musa kuwa ya daɗe yana yi wa yayan nasa amshi a matsayin Daudun Kiɗi. Ko laƙabin ma gadon ɗan amshi ne: ana cewa wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka ce Ɗanƙwairo.

Ƙungiyar ta fita daga fada guda zuwa Arewa baki ɗaya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka yi wa “Mai Dubun Nasara”. Bayan kashe shi a Janairun 1966, suka ci gaba da waƙe sarakuna, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero.

Gwanintarsu tana cikin rabon aiki. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, ƴan amshi su cafe, su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da kalmomin da bai furta ba, kotso na biye. Wanda ya kasa kunne zai tarar rabin maganar daga bakinsu ta fito.

Amurka ma ta san irin wannan tsari a salon doo-wop, inda murya ɗaya ke ja, sauran na dafa mata. The Platters, da aka kafa a Los Angeles a 1952, sun shahara da “Only You” a 1955, Tony Williams na jagora. Da suka watse, sai aka shafe shekaru da dama a kotu kan wanda ya mallaki sunan. A gidan Ɗankwanda gado ne ya raba wannan gardama: da Musa ya rasu a 1991, ƴaƴansa, waɗanda suka girma a sahun amshi, suka ɗauki kotso.

Amma kaset sunan jagora kaɗai yake ɗauka. Da wuya a sami ɗalibi a Ƙonni da zai iya ambata ko mutum biyu daga cikin waɗanda ke karɓa wa Ɗanƙwairo.