Imanin Gama-garin Musulmi a Mahangar Malaman Jihadi

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna kai da komowa tsakanin malaman Musulunci, tun daga Bagadaza har Maroko, daga can kuma har ƙasar Hausa, akwai wata mai sauƙin faɗi amma mai nauyin hukunci, wato mas'alar mutumin da ya furta kalmar shahada da harshensa, ya gaskata ta da zuciyarsa, yana tsai da salloli biyar, yana azumin watan Ramalana, yana fid da zakkar gonarsa, amma da za a tsare shi a ce ya kawo dalili na hankali a kan samuwar Ubangijinsa ko kaɗaitakarsa, sai ya yi shiru, ko kuwa ya ce haka ya ji daga bakin iyayensa da malamansa. Shin wannan mumini ne cikakke, ko mumini ne mai saɓo, ko kuwa imaninsa bai ƙullu ba tun asali? Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, amsar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bayar ita ce ta fi dacewa da tsarin addinin kansa, domin ta haɗa abu biyu waɗanda mutane suka saba rabawa: kame baki daga kafirta jahili, da ƙin yarda a bar shi cikin jahilcinsa.

Tushen da kowane ɓangare yake komawa gare shi shi ne hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, wanda kuma shi ne na biyu cikin Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi da almajiranmu suke haddacewa. A cikinsa aka kasa addini hawa uku. Akwai Musulunci, wato shahada da salla da zakka da azumi da hajji ga wanda ya sami iko. Akwai imani, wato gaskata Allah da mala'ikunsa da littattafansa da manzanninsa da ranar lahira da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Akwai kuma ihsani, wato kyautata ibada da halarto da ganin Allah ga bawa. Daga nan malamai suka fitar da fannoni uku, tauhidi domin gyara imani, fiƙihu domin gyara ayyukan gaɓɓai, tasawwufi domin gyara zuciya, kuma bisa wannan kaso Shehu ya gina wa'azinsa da littattafansa da dama. Abin lura shi ne, cikin shika-shikan nan biyar da rukunnan nan shida babu inda aka sharɗanta wa mutum iya jera hujja irin ta malaman ilmin kalami kafin a karɓi addininsa.

Wanda ya dubi jerin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu zai ga wannan fahimta a aikace. Almajiri yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala, sannan Askari, kafin ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu. Ahalari ya sa gyaran imani a farkon abin da ya wajaba kan mukallafi, amma bai daɗe a nan ba ya wuce zuwa tuba da tsare harshe da tsarki da salla. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani kuwa, wanda ya rasu a shekarar 996, ya wallafa Risala ne domin a koyar da yara, ya buɗe ta da babin aƙida gajere wanda babu gardamar masu kalami a cikinsa, sa'an nan ya ba da sauran littafin ga hukunce-hukuncen ibada da aure da ciniki da gado da ladubba. A wannan babin ne ya tabbatar da mazhabar Ahlus Sunna, cewa imani ya ƙunshi furuci da ƙudurin zuciya da aiki, yana ƙaruwa yana raguwa, kuma ba a kafirta ma'abucin alƙibla saboda zunubi.

Ilmin kalami na Ahlus Sunna ya samo asali ne daga buƙatar mai da martani ga Mu'utazilawa da masu falsafa da irin makamin da suka zo da shi, kuma babu wanda ya sauƙaƙa shi ga mutanen Magrib da ƙasashen Sudan kamar Shaihu Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi, mutumin Tilimsana, wanda ya rasu a 1490. A cikin ɗan littafinsa Ummul Barahina ya fara da hukuncin hankali kashi uku, wajibi da mustahili da ja'izi, sa'an nan ya jera siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah: samuwa, da siffofin korewa biyar, wato rashin farko da wanzuwa da saɓa wa fararru da tsayuwa da kai da kaɗaitaka, da siffofin ma'ana bakwai, wato iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da zance, da wasu bakwai da suke lizimtarsu, ya bi su da kishiyoyinsu ashirin da suka koru, ya kafa wa kowace hujjarta. Aiki ne na gwani, kuma albarkarsa ta game ƙasashe. Sai dai Assanusi ya tsananta a kan taƙlidi, wato riƙon aƙida bisa faɗar wani ba tare da dalili ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan mai taƙlidi: wasu suka ce imaninsa ya inganta ba laifi a kansa, wasu suka ce ya inganta amma ya yi saɓo in yana da ikon yin nazari ya bari, wasu kaɗan kuma suka ce bai inganta ba.

Muddin wannan saɓani yana tsakanin manyan malamai a cikin littattafai, cutarwarsa kaɗan ce. Amma da ya faɗa hannun ɗalibai waɗanda suka haddace siffofi ashirin ba su ƙware a sauran fannoni ba, sai ya zama fitina. Shaihu Alhasan Alyusi na Maroko, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin wasu ɗalibai a Sijilmasa da suka riƙa tare mutane suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa su yanke masa hukuncin kafirci. Irin wannan ra'ayi ya bayyana a yankinmu, inda karatun Ummul Barahina ya yaɗu da sharhinsa na Fulatanci da ake kira Kabbe. Kowa ya san abin da zai biyo bayan irin wannan hukunci, domin wanda aka ce imaninsa bai ƙullu ba, to, yankansa mushe ne, aurensa ɓatacce ne, ba ya gadon Musulmi, ba a kuma yi masa salla in ya mutu. Ke nan da tambaya guda a bakin kasuwa an rushe gida, an yanke zumunta, an fitar da mafi yawan al'umma daga addinin da suka rayu a kansa.

Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya ɗauki wannan al'amari da muhimmanci har ɗansa Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisuri cewa ya yi wallafe-wallafe fiye da hamsin wajen mai da martani ga waɗannan mutane. Cikin littattafansa da suka taɓo mas'alar akwai Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Hisnul Afhami. Hujjojin da suke bayan matsayinsa a fili suke. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye da zarar sun yi shahada, ya aika musu da masu koya musu salla da zakka, bai taɓa sa a jarraba su da dalilin faruwar duniya ba. Sahabbai kuma haka suka yi da mutanen Sham da Iraƙi da Masar. Hukuncin duniya a kan zahiri ake gina shi, abin da ke cikin zukata kuwa an bar wa Mai su. Bugu da ƙari, kasa bayyana dalili daban ne da rashinsa, kamar yadda manomi ya san ƙasar da za ta karɓi gero da wadda za ta karɓi dawa ko da ba zai iya zayyana sababin ba. Wanda ya dubi sama da ƙasa da saukar damina da mutuwar 'yan'uwansa ya sakankance akwai Mai juya su, to, yana da dalili a dunƙule, shi ne kuwa ake nema daga kowa. Dalili filla-filla, da warware shubuhohin masu ɓata, faralin kifaya ne, in wasu sun ɗauke shi ya faɗi daga kan saura. A nan Shehu bai zo da sabon abu ba, domin Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi kakkausan suka ga masu kalamin da suka ƙuntata rahamar Allah suka kafirta gama-gari.

Da wannan ma'auni ne kuma ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya kai ga kafirta masu aikata wasu manyan zunubai. Shehu bai daina girmama shi da ambaton falalarsa ba, amma ya bayyana cewa kafirtawa da zunubi hanyar Hawarijawa ce, ba ta Ahlus Sunna ba. Wato ya rufe ƙofa biyu a lokaci guda, ta masu kafirtawa da ƙarancin sani da ta masu kafirtawa da ƙarancin aiki.

Mai hankali zai iya cewa, to, ai Shehun da kansa ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku a cikin Nurul Albabi, Musulmi na gaskiya, da masu gauraya ayyukan Musulunci da na kafirci, da waɗanda ba su taɓa shiga addinin ba, ya kuma hukunta kashi na biyu da kafirci. Ashe bai koma ga abin da ya hana ba? Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma kusan ita ce Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno ya aiko wa shugabannin jihadi cikin wasiƙun da Bello ya adana. Amsa ita ce, akwai bambanci tsakanin hukunta mutum da aikin da ya bayyana a fili wanda yake warware shahada, kamar yanka ga itatuwa da duwatsu da nufin bauta, da kuma tono abin da ke cikin zuciyar mai salla ta hanyar tambayar da ko ɗalibi sai ya yi shiri kafin ya amsa. Ana iya yin saɓani, kamar yadda aka yi tsakanin Sakkwato da Barno, a kan ko wane aiki ne ya kai haddin kafirci da wanda ya tsaya a saɓo, amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa zahiri ake dubawa, kuma wannan ƙa'ida ita ce abin da muke magana a kai.

Da Shehu ya tsaya a nan, da sai a ce rangwame kawai ya yi wa jahilci. Amma rabin matsayinsa na biyu ya fi na farko nauyi a kan malamai. Sanin faralin aini wajibi ne kan kowane baligi mai hankali, namiji da mace: ya san farillan alwala bakwai a mazhabar Maliku, har da cuɗawa da gaggautawa; ya san abin da ke ɓata salla da inda ake ƙabli da inda ake ba'adi; mai dabbobi ya san zakka tana hawa kan tumaki da awaki in sun kai arba'in, shanu talatin, raƙuma biyar; manomi ya san ushuri ne a kan abin da ruwan sama ya shayar, rabinsa a kan abin da aka sha wahalar ban ruwa; ɗan kasuwa ya san riba kafin ya zauna a rumfa. Saboda haka ne tun yana da shekara wajen ashirin ya fara wa'azi a Degel, ya zaga Kabi da Zamfara, yana karantar da mutane da harshen da suke ji, yana fara musu da tushen aƙida cikin sauƙi sa'an nan ya shiga tsarki da salla. Ya zargi malaman da suke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala ba, kuma da Malam Mustafa Gwani ya soki halartar mata wurin wa'azinsa, sai ƙaninsa Abdullahi ya mai da martani da cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ɗora a kan wannan da tsarin 'Yan Taru, inda matan da ake kira jaji suke ɗaukar karatu daga gare ta su kai wa matan ƙauyuka.

Wannan mas'ala ba ta mutu ba, tufafi kawai ta sauya, domin har yau ana samun masu auna Musuluncin ɗan'uwansu da tambaya guda a kan wata siffa daga siffofin Allah, ko a kan ƙungiyar da yake bi, alhali ba su taɓa zama sun koya masa gyaran Fatiharsa ba. Jahilcin gama-gari hujja ce a kan malamai kafin ta zama hujja a kan jahilan, kuma malamin da ya taras da mai salla bai san dalili ba, abin da shari'a ta ɗora masa shi ne ya kyautata masa zato a kan imaninsa, ya shimfiɗa buzu, ya karantar da shi abin da ibadarsa ba ta inganta sai da shi.