Awon lokacin tafiya da matsakaicin gudun mota: misalin hanyar Madawa, Buza da Keita

Lokacin tafiya shi ne mintocin da mota ke ɗauka daga wani wuri zuwa wani, har da duk tsayawar da ta yi a hanya. Idan aka raba tsawon hanyar da wannan lokaci, sai a samu matsakaicin gudu, wato kilomita nawa motar ta ci a awa guda. Da waɗannan alƙaluma biyu ne masu kula da sufuri ke gane inda hanya ke cin lokaci da inda direbobi ke wuce ƙima.

A jihar Tawa, Madawa na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi, Damagaram da Difa. Daga Madawa kuma wata hanya ta yi arewa, ta ratsa Buza da Keita da Tamaske har birnin Tawa, cikin duwatsu da kwaruruwan Adar. Manyan motocin albasa, motocin fasinja, babura da amalanken shanu duk nan suke bi.

Hanyoyin awo uku aka fi sani. Ta farko, ma'aikaci ya shiga mota da agogo ko na'urar GPS, ya bi sahun sauran motoci, yana rubuta lokacin da ya wuce kowane gari. Ta biyu, a ajiye mutane ko kyamarori a wurare biyu suna ɗaukar lambar mota da lokacin wucewarta, daga baya a gwama. Ta uku ita ce rada, amma gudun wuri ɗaya kawai take nunawa.

Akwai kuskuren lissafi da ake yawan yi. A ce hanya kilomita 60 ce, direba ya yi rabin farko da gudun 60, rabi na biyu mai ramuka da gudun 20. Wani zai ce matsakaicin 40 ne, alhali 30 ne: rabin farko ya ci minti 30, na biyu minti 90, awa 2 ke nan. Ma'ana gyaran ɗan guntun da ya lalace ya fi ƙara wuta rage wa matafiyi lokaci.

Awon rana ɗaya ba ya isa. Ranar kasuwa daban take da sauran ranaku, haka ma damina, lokacin da ƙoramu ke cika su tare hanya. Dole kuma a ware lokacin da motar ke tafiya da wanda ta ɓata a shingen jandarmomi ko wurin biyan kuɗin hanya.

A Turai ana amfani da wannan awo wajen hukunta masu gudu: Italiya ta soma a 2005, Faransa a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, hatsarin da ke kisa na ƙaruwa da kashi 4 cikin 100. Ga mai kai mara lafiya asibiti ko mai fitar da albasa kasuwa, alƙaluman ne ke nuna guntun hanyar da ya kamata a fara gyarawa.