Misty Copeland: Tsakanin Aji, Gida da Fagen Rawa

Misty Copeland ta fara koyon rawar bale a San Pedro, jihar Kalifoniya ta Amurka, tana 'yar shekara 13, shekarun da masana wannan rawa ke ganin an makara. Da malamarta Cynthia Bradley ta ga baiwarta, sai ta ɗauke ta zuwa gidanta, domin iyalin Misty na zaune ne a ɗakin otal, nesa da wurin horo. Daga bisani aka mayar da karatunta gida don ta samu lokacin atisaye. Rawarta ta bunƙasa, amma ta yi nisa da 'yan'uwa da ƙawayen makaranta.

A 1998 mahaifiyarta ta nemi a maido mata da 'yarta, har magana ta kai kotu. Daga ƙarshe Misty ta koma gida, ta koma aji, aka nemo mata wata malamar rawa. Ko da kamfanin American Ballet Theatre ya yi mata tayi a 1999, sai da ta kammala sakandare a 2000 kafin ta tafi New York.

Jinkirin bai rage ta da komai ba: a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a kamfanin.