Man ido na kemis: inda yake aiki da inda ba ya yi

Duk lokacin da afolo ya shigo unguwa, ko a Agege ne ko Sabon Ibadan ko Mile 12, abin da na saba gani ɗaya ne: mutum ya je kemis ya ce a ba shi "man ido", a miƙo masa ɗan ƙaramin tub, ya dawo gida kowa ya shafa, daga maigida har yaro na goye. Shi ya sa na ga ya kamata mu san mene ne wannan mai, kuma wane ciwo yake warkarwa.

Waɗanda aka fi samu a kemis ɗinmu biyu ne, tetracycline 1% da chloramphenicol 1%. Akwai kuma erythromycin. Dukkansu ƙwayar cuta iri ɗaya suke yaƙa, wato bakteriya. Alamar ciwon bakteriya ita ce kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore-kore, wadda ke manne ido da safe har sai an jiƙa da ruwa kafin ya buɗu. A nan man yana aiki, kuma cikin kwana biyu ko uku ake fara ganin sauƙi.

Afolo kuwa yawanci bairos ne. An fara ganinsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, daga nan sunan ya samo asali. Ido ya yi ja, ya yi ta hawaye, kamar an zuba yashi. Man ido ba ya kashe bairos. Ciwon kan tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai mutane su ce ai man ne ya yi aiki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tub ɗaya da gida guda ke zagayawa da shi: bakinsa ya taɓa idon wannan, ya taɓa na wancan, maganin da kansa ya zama mai raba cutar.

Inda man nan ya fi daraja a wurina shi ne idon jariri. Uwa tana iya ɗauke da ciwon sanyi ba tare da ta ji komai ba, jariri ya kwasa a idonsa lokacin fitowa. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa wa kowane jariri maganin ido da zarar an haife shi, sau ɗaya a kowane ido, kuma tetracycline 1% yana cikin waɗanda ta amince da su. Matanmu da dama a nan Kudu a gida suke haihuwa, wata don kuɗin asibiti, wata don ba ta jin yaren ma'aikatan. To maigida, cikin kayan haihuwa a sa sabon tub, a faɗa wa ungozoma. Amma a lura, wannan rigakafi ne kawai. In idon jariri ya kumbura yana zubar da ruwa kamar mugunya a kwanakin farko, ba a jira suna, ba a ɗiga nono. Asibiti za a kai shi ranar, don allura yake buƙata, kuma irin wannan ciwo yana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki.

Ana kuma amfani da tetracycline wajen amodari, sau biyu a rana har mako shida, ko a ba da azithromycin na sha sau ɗaya. Masu kai yara ƙauye hutu su kula da wannan. In gashin ido ya riga ya juya ciki yana gogar ido, mai ba zai gyara ba, sai ƙaramin aiki.

Yadda ake sawa: a wanke hannu da sabulu, a goge kwantsa da auduga mai tsabta, a ja fatar ido ta ƙasa, a matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin lungun, ba tare da bakin tub ya taɓa ido ba. A rufe ido na ɗan lokaci. Gani zai yi dishi-dishi na wasu mintoci, don haka ɗan acaba da direba kada su sa su hau titi nan take. A cika kwanakin da aka ce ko da ido ya washe. Tub da aka buɗe ya wuce mako huɗu a jefar. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya.

Sai a karanta jikin kwalin da kyau. In an ga dexamethasone ko betamethasone ko hydrocortisone, an haɗa da sitiroyid ke nan, kada a sa sai likitan ido ya duba. Yana kwantar da ja da sauri, shi ya sa ake son sa, amma in akwai gyambo a baƙin ido ƙara shi yake yi, kuma yawan amfani da shi yana jawo hawan jinin ido da yana.

Wani mai walda da na sani, ɗan ƙarfe ya faɗa masa a ido, ya yi mako yana shafa mai yana ɗaure da hankici. Da ya je asibiti an cire, amma farin tabo ya zauna, har yau da idon hagu yake auna aiki. Zafi mai tsanani, raguwar gani, kasa kallon haske, fari a kan baƙin ido, ko kwana uku ana sa mai babu sauƙi, duk waɗannan na likitan ido ne, kuma manyan asibitocin gwamnati a Legas da Ibadan da Fatakwal suna da sashen ido.